Yadda ake goge tsoffin bayanai a Kismet da Wireshark kafin gwada gyaran sirri na waya

A watan Oktoban 2023 Apple ya fitar da iOS 17.1, manhajar da ke tafiyar da iPhone, inda ya toshe wata ɓaraka da aka daɗe da ita tun iOS 14: waya na nuna lambar MAC (lambar da ake gane na'ura da ita a kan Wi-Fi) ta bogi, amma ta ainihin tana zurarewa ta ƙofar UDP 5353, wadda na'urori ke neman juna ta cikinta a kan Wi-Fi ɗaya. Sau da yawa na ga masu koyo sun sabunta waya, sun leƙa Kismet, shirin da ke lissafa na'urorin Wi-Fi da ke kusa, sun tarar da tsohuwar lambar, sai su yanke hukuncin gyaran bai yi ba. Alhali ragowar jiya suke kallo.

Fara da rubuta lambar wayar ta ainihi a takarda, daga Settings, General, About. Sannan ka kashe Wi-Fi ɗinta.

Yanzu ga inda ake faɗuwa. Rufe shafin Kismet a burauza ba ya goge komai, domin shirin na can yana aiki, yana riƙe da duk na'urar da ya gani tun da aka kunna shi. Tsayar da shirin gaba ɗaya. Kwashe tsoffin fayilolin .kismet ka adana a wani wuri, kada ka goge, da su za ka kwatanta. Ni dokata: kowane gwaji da sabuwar jakarsa mai kwanan wata. Idan ka sake kunna Kismet, duba lokacin da aka fara ganin kowace na'ura. In ya riga lokacin gwajinka, ba ka share ba, koma baya.

Kwamfutar ma tana riƙe da nata tsohon jerin na'urori, share shi. A Linux rubuta ip neigh flush all, a Windows kuma arp -d *. Rauta ma na riƙe jerin DHCP, wato na'urorin da ta raba wa adireshi, sake kunna ta yakan wadatar. Taka rautar nake nufi, ba ta maƙwabci ba.

Kada ka ɓata kuɗi kan adafta mai tsada. Saƙon 5353 yana zuwa ga duk wanda ke kan Wi-Fi ɗaya da wayar.

Buɗe sabon kamu a Wireshark, shirin da ke kama saƙonnin da ke yawo a kan Wi-Fi, kunna Wi-Fi ɗin wayar, ka jira mintuna kaɗan. A wurin tacewa rubuta frame contains, ka bi shi da lambar takardar nan. Kada ka tsaya kan adireshin mai aikawa, tsohuwar ɓarakar a cikin saƙon take. In babu abin da ya fito, kashe Wi-Fi ka kunna, ka maimaita sau uku.