Yadda Za A Jawo Ma'aikata Cikin Aikin Kare Muhalli A Masana'antar Sarrafa Kifi

Masana'antar sarrafa kifi tana shan ruwa da wutar lantarki masu yawa, kuma sharar da take fitarwa mai saurin ruɓewa ce. Idan aka zare tsoka, abin da ya rage na kai da ƙaya da fata da kayan ciki yakan kai rabin nauyin kifin, a wasu nau'o'in ma ya zarce haka. Jini da kitsen da suka bi ruwan wanki, muddin suka isa kogi ba a tace su ba, ƙwayoyin bakteriyar da ke ruɓar da su sukan cinye iskar oksijin da ke cikin ruwan har halittun ciki su fara mutuwa. Duk wannan ɓarna a hannun ma'aikaci take faruwa, domin shi ne mai buɗe famfo, shi ne mai kora kayan ciki zuwa magudana, shi ne kuma mai barin ƙofar ɗakin sanyi a buɗe. Saboda haka takardar manufa da manaja ya manna a bango ba ta rage ko lita ɗaya sai masu riƙe da wuƙa da tiyo sun ɗauki aikin a matsayin nasu.

Matakin farko shi ne awo, kuma tare da ma'aikatan za a yi shi. A sanya mitar ruwa a kowane babban sashe, wato wurin narkar da daskararren kifi, wurin fiɗa, da wurin wanke akwatuna, sannan a damƙa karanta ta ga wani daga cikin 'yan sashen. Inda babu halin sayen mita nan take, bokiti da agogo sun isa a fara. Idan tiyo ya cika bokiti mai lita 20 cikin daƙiƙa 40, to lita 30 yake zubarwa a minti ɗaya, lita 1,800 ke nan a awa guda. Wanda ya riƙe bokitin da hannunsa ya ga wannan lissafi, da wuya ya sake yar da tiyo yana kwarara ya tafi cin abinci. A riƙa raba ruwan da aka sha da nauyin kifin da aka sarrafa, a rubuta lita nawa kowane tan ya ci a allon da kowa ke wucewa ta gabansa, domin jimillar wata ba ta nuna ko an inganta aiki ko kifi ne kawai ya yi ƙaranci. A kuma karanta mitar bayan an tashi daga aiki da kafin a fara washegari. Idan ta motsa alhali ba a yi wanki ba, akwai inda ruwa ke zurarewa.

Bayan awo sai zagayen masana'anta, kuma a nan ne shugabanni da yawa ke kuskure, domin sukan zagaya da rana tare da shugabannin sassa, su manta da masu wanki bayan an tashi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma ɗakin nan na masu wanki ne, tunda kaso mai tsoka na ruwan yini a hannunsu yake ƙarewa. A tsaya a kalli yadda suke aiki. Za a ga mutum yana bin guntun fata da ƙarfin ruwa daga wannan kusurwa zuwa waccan, ya kai shi bakin magudana, ya ɗaga rariyar da ƙafa ya tura shi ciki. Kafin a yi masa faɗa a tambaye shi dalili. Sau da yawa amsar ita ce ba a ba shi abin kwashewa mai bakin roba ba, ko rariyar tana toshewa babu wanda aka ɗora wa zubar da ita, ko kuma an ba shi awa biyu a kan aikin awa uku. Irin waɗannan ma'aikata galibi 'yan kwangila ne da ba a kiransu taro, kuma a ganina shirin da ya bar su a waje bai soma ba tukuna.

Daga nan a kafa ƙaramin kwamiti, mutum ɗaya daga kowane sashe, har da makanikin injinan sanyi da jami'in kula da ingancin kaya. Abokan aiki ne za su zaɓi wakilinsu, a yi zaman cikin lokacin aikin da ake biya, da harshen da kowa ke ji. Ayyukan farko su zama masu arha da ake ganin sakamakonsu cikin makonni: kwashe tarkace a bushe kafin a taɓa ruwa, sanya wa kowane tiyo kan da ke rufe kansa idan aka saki, gyara robar ƙofar ɗakin sanyi da labulenta, da ajiye kwantena a ƙarƙashin teburin fiɗa. Kai da ƙaya da kayan cikin da aka tara da tsabta cikin sanyi suna zama garin kifi da man kifi na abincin dabbobi, ko a tsima su da asid don kada su ruɓe, alhali da zarar sun faɗa magudana sun zama kuɗin tace ruwa.

Akwai batun da ba a cika son taɓawa ba, wato tsarin biyan albashi. Idan ana biyan mai fiɗa gwargwadon kilon da ya yanka, duk mintin da ya ɓata wajen ware shara ko rufe famfo daga aljihunsa yake fita, kuma babu lacca da za ta rinjayi wannan. Ko dai a ware masa lokacin tsabta da ake biya daban, ko a sanya yawan tsokar da yake fitarwa daga kowane kifi cikin ma'aunin ladansa. Na biyun ya fi, domin tsokar da ta tsira daga shara riba ce ga kamfani kuma sauƙi ce ga magudana. Haka nan a faɗa wa mutane ƙarara cewa rage ɓarna ba share fagen rage ma'aikata ba ne, idan kuwa akwai ƙungiyar ƙwadago a zauna da ita tun farko.

Game da shawarwari, kamfanin Toyota na Japan ya kafa tsarin karɓar shawarar ma'aikata tun 1951, kuma masana'antu da dama sun kwaikwayi akwatin ba tare da kwaikwayon amsawa ba. A tsayar da wa'adi, misali mako biyu, wanda a cikinsa duk mai shawara zai ji an karɓa, ko an ƙi bisa dalili kaza. A bar ƙofar faɗa da baki a buɗe saboda waɗanda rubutu ke yi wa nauyi, kuma idan shawara ta yi aiki a ambaci mai ita a gaban jama'a, kada shugaban sashe ya ɗauke yabon.

Wajibi ne kuma a shata iyakar da ba a tsallakewa. Kifi abinci ne mai saurin lalacewa, dole ɗanye ya zauna cikin ƙanƙara dab da digiri 0, daskararre kuma a digiri 18 ƙasa da sifili ko abin da ya fi haka sanyi. Nau'o'i irin su tuna, idan suka ɗumama, suna tara sinadarin histamin, mai sa wa wanda ya ci rashin lafiya, wanda dafuwa ba ta kawarwa. Don haka ba a kashe injin sanyi ko taƙaita wanke teburi da sunan tanadi, kuma duk canjin da ya shafi ruwan da ke taɓa kifi sai ya bi ta tsarin HACCP na kamfanin, wato tsarin gano haɗura da kiyaye lafiyar abinci. Haka batun yoyon iskar da ke cikin injinan sanyi yake. Cikin irin waɗannan iskoki, amoniya tana iya kisa, waɗanda ake kira HFC kuma suna ɗumama duniya, shi ya sa yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ta Kigali ta 2016 ta tanadi rage amfani da HFC. Ma'aikacin da ya kawo rahoton yoyo ko malalar mai, ko da shi ya jawo ta, a gode masa a gyara, domin idan aka hukunta mutum ɗaya a kan faɗin gaskiya sauran za su koyi yin shiru.

Kamfanin da ke neman shaidar ISO 14001 ta tsarin kula da muhalli, wadda aka fara fitarwa a 1996 aka sabunta a 2015, zai tarar tana buƙatar ma'aikata su san tasirin aikinsu ga muhalli, kuma masu bincike sukan tambayi na bakin teburi kai tsaye. Idan tanadi ya fara bayyana a takardar kuɗin ruwa da wuta, a nuna musu alƙaluman, a ware wani kaso a matsayin tukuici ga sashe gaba ɗaya, tunda mita ba ta bambance hannun mutum ɗaya. A lokacin da kifi ya yawaita ana ɗaukar sababbin hannu na wucin gadi, kuma a nan ne alƙaluman allo sukan koma baya. A haɗa kowane sabo da tsohon ma'aikaci tun ranar farko, ya nuna masa kwantenar kayan ciki da rariya da kan tiyo kafin a miƙa masa wuƙa.