Yadda zaka gane kansar fata tun bata yi nisa ba

Jama'a dan Allah mu daina cewa kansar fata ciwon turawa ne. Gaskiya baƙar fata tana kare mu daga rana sosai, amma mu a jikinmu wurin da take ɓuya daban ne, tafin ƙafa, tafin hannu da ƙarƙashin farce. Bob Marley a farcen yatsan ƙafa tasa ta fara, aka ɗauka ciwon ƙwallo ne, ita tayi ajalinsa a 1981 yana da shekara 36.

Toh ga abin yi. Sau ɗaya a wata bayan wanka ka samu wuri mai haske ka ɗaga ƙafa ka duba tafin har tsakanin yatsu. Abin da kake nema shine sabon baƙin tabo, ko tawadar Allah da ta fara faɗi, gefenta ba daidai ba, kala biyu ko uku a haɗe, ko tana jini, ko baƙin layi a farce da kullum ƙara faɗi yake. In ka gani ka ajiye tsinken ashana a gefe ka ɗauki hoto da waya, da shi zaka gane ko yana girma.

Sai gyambo, wannan shi yafi damuna. Zaka ga ɗan dako a kasuwar Mile 12 ta Legas ya ɗaure ƙafa da tsumma wata shida yana cewa ƙusa ya taka, kullum kemis ana wankewa ana barbaɗa kafso. Duk mikin da ya haura wata ɗaya bai warke ba, musamman a kan tsohon tabon ƙuna, likita ya kamata ya gani.

Masu zabiya a gida ku kuma ranar Legas ba abin wasa bace, su haɗarinsu yafi na kowa. Malafa, riga mai dogon hannu, man kare rana SPF 30 ko sama, a guji rana daga ƙarfe 10 zuwa 4, kuma a riƙa shafa kunne, wuya da leɓe da hannu ana dubawa, in anji wani wuri ya yi kaushi yana ɓawo a tafi asibiti.

Kar ka bari wanzami ya tsaga. Ka nemi likitan fata, ga asibitin koyarwa na Jami'ar Legas (LUTH) nan a Idi-Araba cikin mutanenmu, ga na Jami'ar Jihar Legas (LASUTH) a Ikeja. Zasu yi allurar kashe zafi su yanki ɗan nama a kai gwaji, in kansa ce sai tiyata, a cire ta tare da lafiyayyen naman da ke kewaye, shi yasa zaka ga yankan yafi tabon girma, kar ka tsorata. In da wuri ne sau da yawa ɗinki kawai za'ayi ka koma gida, in wurin ya yi faɗi su ɗebo fata a cinya su lulluɓe. Bayan aiki ka riƙa taɓa hammata da matsematsi ko kaluluwa ta fito, kuma ranar da aka ce ka dawo ka dawo ko da ciwon ya warke tas.