Yadda Mai Goyon Baya Zai Auna Kocinsa Idan Ƙungiya Ta Fara Kaka da Ƙafar Hagu

Babu lokacin da ran mai goyon bayan ƙwallon ƙafa yake ɓaci kamar makonnin farko na kaka, idan ƙungiyar da ya yi ta ɗokin ganin dawowarta fili ta buga wasa huɗu ko biyar ba ta taɓuka abin kirki ba. An sayi sababbin 'yan wasa, an yi alkawura, amma maki ya ƙi taruwa, sai kowa ya juya kan koci ana cewa a sallame shi tun kafin kaka ta lalace. Wannan fushi yana da hujja, domin mai goyon baya yana ba ƙungiya lokacinsa da kuɗinsa da zuciyarsa, kuma yana da haƙƙin tambayar abin da aka yi da su. Sai dai kafin ka sa baki a kiran korar koci, ya kamata ka san ko ƙungiyar wasa ne ba ta iya ba ko sakamako ne kawai bai zo ba, ka kuma san wanda alhakin kowace matsala yake wuyansa.

Ka fara da duba jadawali, ka ga da wa aka kara da kuma waɗanda suka samu damar bugawa. A watan Agustan 2021 Arsenal ta sha kashi a wasanninta uku na farko a gasar Firimiya ba tare da ta zura ƙwallo ko ɗaya ba: Brentford ta ci ta 2-0, Chelsea 2-0, Manchester City kuma 5-0, ta wayi gari a ƙasan teburi. Wanda ya tsaya a kan teburi kaɗai zai ce kocinta Mikel Arteta ya gama yawo. Amma Chelsea a lokacin ita ce ke riƙe da kofin Zakarun Turai, City kuma ita ce zakarar Ingila, sannan cutar korona ta hana 'yan gaban Arsenal Aubameyang da Lacazette buga wasan Brentford. Bayan hutun wasannin ƙasashe Arsenal ta doke Norwich da Burnley da Tottenham a jere, ta ƙare kaka a mataki na biyar, a kaka ta gaba kuma ta zo ta biyu. Haka koci Andoni Iraola ya yi wasa tara na farko na Firimiya a Bournemouth a 2023 bai ci ko ɗaya ba, a cikinsu har da karawa da Liverpool da Tottenham da Chelsea da Arsenal, amma ƙungiyar ta kammala a mataki na 12 da maki 48. Saboda haka ka rubuta wasannin da aka buga, ka sa a gaban kowanne makin da mutum mai adalci zai sa ran samu tun kafin a fara kaka, sannan ka kwatanta da abin da aka samu. Sau da yawa za ka tarar giɓin da ke ta da hankalin jama'a bai wuce maki uku ko huɗu ba.

Mataki na biyu shi ne mafi wahala, domin yana buƙatar ka raba sakamako da yadda aka taka leda. Ƙwallon ƙafa wasa ne da ba a cika zura ƙwallaye da yawa a cikinsa ba, don haka turke ɗaya da aka buga, ko jan kati a minti na ashirin, ko kuskuren mai tsaron raga, yana iya juya wasan da aka buga da kyau ya koma rashin nasara. Idan kana da hali, ka sake kallon wasa guda cikakke bayan kwana biyu, lokacin da zuciya ta huce kuma ka riga ka san yadda aka tashi. Taƙaitaccen bidiyon ƙwallaye ba zai yi maka wannan aiki ba. A wannan karo ka rage bin ƙwallo da ido, ka kalli waɗanda ba sa riƙe da ita. Ka lura da tazarar da ke tsakanin 'yan baya da 'yan tsakiya idan an ƙwace ƙwallo, ka ga ko 'yan gaba suna matsa wa abokan hamayya tare ko mutum ɗaya ne yake gudu sauran suna kallo, ka kuma ƙirga sau nawa ƙungiyar ta shiga da'irar abokan karawa da ƙwallo a ƙafa, da sau nawa aka shigo tata. Masu ƙididdiga suna da ma'aunin da suke kira xG, wanda yake ba kowane hari daraja gwargwadon yadda irinsa ya saba shiga raga. Bugun fenareti, alal misali, yana shiga kusan sau uku cikin huɗu. Ba dole ne ka amince da wannan ma'auni ɗari bisa ɗari ba, amma idan wasa bayan wasa ƙungiyarka tana samar da damarmaki masu kyau fiye da na abokan karawarta kuma ana cin ta, to akwai alamar cewa sakamako zai juyo. Idan kuwa tana tsira da canjaras ne saboda mai tsaron raga yana ta tare ƙwallaye, to matsalar ta fi abin da teburi ya nuna.

Pep Guardiola ya fara La Liga a Barcelona a 2008 da shan kashi 1-0 a hannun Numancia, wadda ta hau gasar a shekarar, sannan ya yi 1-1 da Racing Santander a gida. Maki ɗaya ke nan cikin shida ga kocin da bai taɓa riƙe babbar ƙungiya ba. Johan Cruyff, tsohon ɗan wasa kuma tsohon kocin Barcelona, ya kalli wasan Racing, ya rubuta a jarida cewa abin da ya gani ya burge shi, kuma a ƙarshen kakar Barcelona ta ɗauki kofi uku. Abin da ya gani a fili yake ga duk wanda ya kalli wasan da natsuwa.

Daga nan sai ka ware abin da yake aikin koci ne tsantsa, domin a nan ne ya cancanci a tuhume shi ba tare da sassauci ba. Shi ne yake zaɓen goma sha ɗayan da za su fara, shi ne yake tsara yadda za su tsaya, shi da mataimakansa ne suke shirya yadda za a tare bugun kusurwa da bugun tazara, kuma shi ne yake yanke shawarar wanda zai fito daga benci da lokacin da zai fito. Kuskure ɗaya ba ya zama hujja a kansa. Abin da ya kamata ya dame ka shi ne kuskuren da yake maimaita kansa: ana cin ƙungiya ta gefe ɗaya mako uku a jere, ko ana zura mata ƙwallo daga kusurwa a kowane wasa, ko ana ajiye ɗan wasa a gurbin da kowa ya ga bai dace da shi ba, kuma a dawo daga hutun rabin lokaci babu abin da ya canza. Ruwa ba ya tsami banza, kuma irin wannan maimaici yana nuna cewa ko dai ba a gyara komai a filin atisaye, ko kuma ana faɗa 'yan wasa ba sa ɗauka.

A ganina, babu ma'aunin da ya fi nuna ingancin koci kamar abin da yake yi bayan an doke shi. A watan Satumban 2016 Liverpool ta ci Chelsea 2-1, Arsenal kuma ta lallasa ta 3-0, aka fara maganar ko kocin Chelsea Antonio Conte zai kai ƙarshen shekara. Shi kuwa ya koma tsarin 'yan baya uku, ya mayar da Victor Moses da Marcos Alonso masu hawa da sauka a gefe biyu, Chelsea ta ci wasa 13 a jere a gasar, ta ɗauki kofi da maki 93. Frank de Boer ya zo Crystal Palace a 2017 da salon riƙe ƙwallo da fara gini daga baya, alhali 'yan wasan da ya tarar sun saba da wani salo dabam, aka ci shi wasa huɗu ba tare da ƙungiyar ta zura ƙwallo ba, aka sallame shi. Idan kocinka yana gwada mafita, ko da ba ta yi aiki nan take ba, yana da uzuri. Idan kuwa a kowane taron manema labarai alƙalin wasa ne mai laifi ko rashin sa'a, kuma jerin 'yan wasa bai canza ba, to fushinka ya faɗa inda ya dace.

Akwai yanayi ɗaya da haƙuri ba ya magani, wato idan 'yan wasa sun daina yi wa koci aiki. A watan Disambar 2015 Chelsea, wadda ke riƙe da kofin Firimiya, ta sha kashi sau tara a wasa 16, tana mataki na 16, aka kori José Mourinho, kuma daraktan ƙungiyar na lokacin, Michael Emenalo, ya fito ya ce akwai saɓani bayyananne tsakanin koci da 'yan wasa. Alamun irin wannan ba sa ɓuya: ba a komowa baya da gudu idan an rasa ƙwallo, ƙungiya tana watsewa da zarar an zura mata ta farko, koci yana sukar 'yan wasansa a bainar jama'a, sirrin ɗakin sauya kaya kuma yana fita ga 'yan jarida.

Kada ka manta da waɗanda suke sama da koci. A yawancin manyan ƙungiyoyi a yau daraktan wasanni da mahukunta ne suke da ta cewa a kasuwar 'yan wasa, kuma kasuwar ba ta rufewa sai an riga an buga wasu wasanni. Idan an sayar da mai ci wa ƙungiya ƙwallaye a makon ƙarshe ba a kawo madadinsa ba, sabon koci ma zai tarar da wannan giɓi har zuwa watan Janairu. Kora kuma tana cin kuɗi: Manchester United ta bayyana cewa sallamar Mourinho da mataimakansa a 2018 ta ci mata fam miliyan 19.6, kuɗin da za a iya sa wa a sayen ɗan wasa. Wani masanin tattalin arziki, Bas ter Weel, ya bi diddigin gasar ƙasar Holan daga 1986 zuwa 2004, ya kwatanta ƙungiyoyin da suka kori koci bayan sun shiga mummunan yanayi da waɗanda suka shiga irinsa ba su kora ba, ya tarar duka biyun sukan farfaɗo kusan daidai. Dalilin mai sauƙi ne, domin ana korar koci ne a lokacin da abubuwa suka kai maƙura wajen lalacewa, kuma daga nan yawanci sama ake komawa ko da wa yake kan benci. Wannan ba ya nufin canji ba ya amfani. Aston Villa ta sallami Steven Gerrard a watan Oktoban 2022 bayan ya ci wasa biyu kacal cikin 11, ta ɗauko Unai Emery, ta ƙare ta bakwai, a kaka ta gaba kuma ta huɗu. Abin da ya yi aiki a nan shi ne an samo wanda ya fi, don haka duk lokacin da ka ce a kori koci, ka tambayi kanka wa yake a kasuwa, ko zai yarda ya zo, da kuma ko salonsa ya dace da 'yan wasan da suke ƙasa.

Ka tsayar wa kanka wa'adi, ka rubuta shi. A gasa mai wasa 38, wasa goma zuwa goma sha biyu ya isa a ce an kara da manya da ƙanana, gida da waje, sababbin 'yan wasa kuma sun fara sabawa. Ka ayyana abu biyu ko uku da kake son gani kafin lokacin, kamar raguwar ƙwallayen da ake ci daga kusurwa, ko tsayayyen jerin 'yan baya, ko ƙaruwar hare-hare daga cikin da'ira, sannan ka yi hukunci a kansu, kada ka sauya ma'auni saboda nasara ɗaya ko rashin nasara ɗaya. Masu kare koci sukan kawo labarin Alex Ferguson, wanda ya zo Manchester United a watan Nuwamban 1986 bai ɗauki kofi ba sai na FA a 1990, Firimiya kuma sai 1993. Labarin gaskiya ne, amma a lokacin ana ganin yana gyara sashen matasa da tarbiyyar ƙungiya. Haƙuri yana da ma'ana ne idan za ka iya nuna abin da ake ginawa.

Idan wa'adi ya cika kuma ka gamsu cewa akwai matsala, sai batun yadda za ka nuna fushinka. Yi wa ɗan wasanka ihu yana cikin fili ba ya ƙara masa gudu. A watan Oktoban 2019 magoya bayan Arsenal sun yi wa kyaftin ɗinsu Granit Xhaka ihu lokacin da aka sauya shi a wasa da Crystal Palace, ya mayar da martani cikin fushi, ya bayyana irin zagin da ake yi wa iyalinsa a shafukan sada zumunta, daga baya kuma aka karɓe kambun kyaftin daga hannunsa. Mutumin nan ne ya zama ginshiƙin tsakiyar Bayer Leverkusen da ta ɗauki Bundesliga a 2024 ba tare da an doke ta ba. Zagin iyalin ɗan wasa ko na koci zalunci ne, kuma yana ba mahukunta damar kawar da kai daga ƙorafi na gaskiya.

Abin da mahukunta suke saurara shi ne murya ɗaya mai buƙata takamaimai. A watan Fabrairun 2016 dubban magoya bayan Liverpool sun fice daga Anfield a minti na 77 na wasa da Sunderland saboda shirin kai farashin wasu tikiti fam 77, kuma cikin 'yan kwanaki masu ƙungiyar suka nemi afuwa suka janye shirin. A Sifaniya mambobin Real Madrid da Barcelona su ne suke zaɓen shugaban ƙungiya, a Jamus kuma dokar 50+1 ta bar rinjayen ƙuri'a a hannun mambobi a yawancin ƙungiyoyi, don haka wanda yake da rajista yana da wurin da zai kai ƙorafinsa. Inda babu irin wannan tsari, ƙungiyoyin magoya baya da aka amince da su sukan zauna da mahukunta, kuma ta hannunsu ya kamata tambayoyinka su bi: wa ya yanke shawarar sayen wane ɗan wasa, wane mataki aka ɗora wa koci ya kai a wannan kaka, me aka tanada domin kasuwar Janairu, kuma idan za a yi canji, wa zai zaɓi magajin da kuma a kan wane salon wasa.