Darasi na 7: Hayaƙin Kwal da Lafiyar Ƙirji

Kwal, wanda wasu ke kira gawayin ƙasa, baƙin dutse ne da ake haƙowa daga ƙarƙashin ƙasa. A tashar lantarki ana niƙa shi a ƙona, zafinsa ya tafasa ruwa, tururin ya juya injin da ke ba da wuta. A Nijar akwai irin wannan tasha a Anu Araren, kusa da Cirozerin a jihar Agadas.

Abin da ya kamata mai karatu ya riƙe shi ne, hayaƙin da ya fi cutarwa ba shi ne baƙin da ido ke gani ba. Kwal yana ɗauke da farar wuta da zaiba, kuma idan ya ƙone yakan saki iska mai ƙaiƙayin maƙogwaro tare da wata ƙura mai laushin gaske, wadda silin gashi ya fi ta kauri kusan sau 30. Hanci ba ya iya tace ta. Takan wuce har cikin huhu, ta shiga jini, ta tayar da asma, ta tsananta ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Yara da tsofaffi da masu juna biyu su ne kan gaba wajen shan wahalarta.

Mutanen lardin Mpumalanga a Afirka ta Kudu, inda tashoshin kwal suka yi cincirindo, sun daɗe suna kokawa da wannan, har a watan Maris na 2022 wata babbar kotu a Pretoria ta yanke hukunci cewa gurɓatar iskar yankin tauye haƙƙin jama'a ne. Abin takaici, talakan da ke maƙwabtaka da tashar shi ya fi shaƙar hayaƙin.

Wanda ke zaune kusa da irin wannan wuri ya kula da sassafe a lokacin sanyi, domin a lokacin ne iska ke kwantawa, hayaƙi ya sauko ƙasa-ƙasa. A rufe tagogi, a rufe randa da abinci, kada kuma a bar yara su yi wasa a kan tarin toka. Idan tari ya wuce mako 2, ko aka ga yaro yana numfashi da sauri haƙarƙarinsa na lotsawa, a kai shi asibiti ba tare da jinkiri ba, a kuma faɗa wa likita unguwar da ake zaune.