Yadda za ku gano inda sata ta fi yawa a unguwarku, ku kuma sa 'yan sanda su saurare ku

Duk unguwar da ɓarayi suka addaba maganar kusan iri ɗaya ce, "ai yanzu ko'ina babu tsaro", "'yan sanda ko an kira su ba sa zuwa", a yi ta ƙorafi a gurup ɗin WhatsApp kwana biyu sai kowa ya yi shiru har a sake fasa wani gidan. To wannan "ko'ina" ɗin fa ba haka yake ba. Laifi taruwa yake a 'yan wurare kaɗan, lungu ɗaya, bakin tasha, bayan wani kango, kuma masu bincike sun daɗe da gano hakan. A 1989 Lawrence Sherman da abokan aikinsa sun bi diddigin kiran gaggawa sama da dubu 300 da aka yi wa 'yan sandan birnin Minneapolis na Amurka cikin shekara guda, sai suka ga rabin kiran gaba ɗaya daga kashi 3 cikin 100 na adireshin birnin ya fito. David Weisburd ma da ya duba birnin Seattle na tsawon shekara 14 abin da ya samu ke nan, kusan kashi 5 cikin 100 na layukan gari su ke ɗauke da rabin laifin, kuma yawancinsu ba sa canzawa shekara da shekaru. Don haka aikinku shi ne ku nemo waɗannan wuraren a unguwarku.

Matakin farko littafi ne, na rubutu kawai, mutum ɗaya mai amana ya riƙe. Duk abin da ya faru a rubuta rana, ƙarfe nawa, wane layi, me aka ɗauka, ta ina aka shiga. Misali layi ɗaya ya isa: Talata, wajen takwas da rabi na dare, kwanar da fitilarta ta mutu, mutum biyu a kan babur, sun fizge waya. Shi ke nan. Kada a rubuta sunan wanda ake zargi, kada a rubuta "an ce wai", abin da wanda abin ya shafa ya faɗa da bakinsa ko wanda ya gani da idonsa shi kaɗai ke shiga. Ku koma baya wata uku zuwa shida ku bi gida gida kuna tambaya, za ku sha mamakin yawan mutanen da aka yi wa sata suka haɗiye abinsu saboda suna ganin ko sun faɗa ba abin da za a yi.

Daga nan ku zana taswirar unguwar a babbar takarda, ko ku buɗe Google Maps ku buga ta. Kowace sata ɗigo ɗaya, ƙwacen waya da jan biro, fasa gida da baƙi, satar babur ko kayan mota da shuɗi. A nan ne ido ke buɗewa, don za ka ga ɗigo sun cunkushe a wuri biyu ko uku alhali wasu layukan fes suke. Ku duba lokaci ma, galibi fasa gida da rana ake yi lokacin da mutane suka tafi aiki yara suna makaranta, ƙwace kuma ya fi yawa in duhu ya fara mutane na komawa gida.

Mataki na uku, ku je wurin da ƙafarku, a daidai lokacin da abin ke faruwa, ku uku ko huɗu. Masu bincike Cohen da Felson sun yi bayani tun 1979 cewa abu uku ke haɗuwa kafin a yi laifi, mai niyyar yi, abin da zai ɗauka cikin sauƙi, da rashin idon da zai hana. Na farkon ba a hannunku yake ba sosai, amma sauran biyun kam naku ne. Tsaya a kwanar ka kalla da idon ɓarawo. Akwai haske? Wa ke iya hango wurin daga tagarsa? Ciyawa ko tarin shara sun rufe gani? Ta wace hanya za a gudu? Sau da yawa gyaran ba wani mai tsada ba ne, fitila ce da ta mutu wata da watanni, ko katanga da ta zube ta zama hanya. A wani gwaji da aka yi a gidajen gwamnati na birnin New York a 2016, ƙara fitilu ya rage manyan laifukan da ake yi a waje da dare da kusan kashi ɗaya bisa uku. A Filadelfiya kuma share filayen da aka yi watsi da su da shuka ciyawa da kewaye su da gajeren shinge ya rage harbe-harbe da kashi 29 cikin 100 a unguwannin talakawa, binciken ya fito a 2018.

Na huɗun shi ne wanda na fi so mutane su riƙe, don shi aka fi sakaci da shi. Gidan da aka fasa yau ya fi kowane gida haɗarin a sake fasa shi, musamman a makonnin farko, maƙwabtansa na kusa ma haɗarinsu yana ƙaruwa. Dalilin a fili yake, ɓarawon ya riga ya san ƙofar, ya san lokacin da ba kowa, ya ga abin da bai iya ɗauka ba, kuma ya san za a sayi sabo a madadin wanda ya ɗauke. Amma mu sai mu je mu yi jaje mu watse. A unguwar Kirkholt da ke Rochdale a Ingila, a ƙarshen shekarun 1980, sun juya abin ne, da zarar an fasa gida sai a gyara masa makullai da tagogi nan take, a sa wa kayansa alama, sannan a je wa maƙwabta shida ko bakwai mafi kusa a ce don Allah ku sa ido a gidan nan, har mitocin wuta da gas masu cin tsabar kuɗi da ɓarayi ke fasawa suka cire. Rahoton aikin ya nuna fasa gida ya ragu da kusan kashi 75 cikin 100 a shekara uku. To ku ma ku mayar da shi doka, cikin kwana biyu a canza kwaɗo da sakata, a toshe inda aka shigo, gidajen dama da hagu da na gaba da na baya su san abin da ya faru, in gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta ai shafa wa naka ruwa za ka yi.

Sai maganar 'yan sanda. Ku fahimci yadda suke jera aiki tukuna, abin da ya shafi rai shi ne gaba, kisa, fashi da makami, fyaɗe, garkuwa da mutane, satar waya tana can ƙasa, kuma ma'aikata da motoci ba su taɓa isarsu ba a ko'ina. Sannan da rahoton da aka shigar suke rabon aiki, satar da ba a kai musu ba a wurinsu ba ta faru ba. Shi ya sa ko kana ganin wayarka ba za ta dawo ba ka je ka shigar da rahoto ka karɓi lamba ko takardar shaida, kuma tun yau ka danna *#06# ka rubuta lambar IMEI da za ta fito, wato lambar shaidar wayarka, ka ajiye a wani wurin.

Ku nemi ganin shugaban caji ofis ɗin yankinku, mutum uku zuwa biyar, a samu mace a ciki da matashi don su suka fi bin lungunan nan da ƙafa. Ku shimfiɗa masa taswirar a kan tebur. Kada ku ce a ƙaro sintiri kawai, an gwada wannan a birnin Kansas City na Amurka a 1972 zuwa 1973, aka ninka zagayen motoci a wasu unguwanni aka janye a wasu, ba a ga wani bambancin kirki ba. Abin da ke aiki shi ne tsayawa a takamaiman wuri, don haka ku ce kwanar layi kaza, daga ƙarfe bakwai zuwa tara, a tsaya minti goma zuwa sha biyar, kuma a riƙa canza lokacin zuwa. Ku ma ku faɗi naku alkawarin, mu za mu gyara fitila mu share filin. Ku karɓi lambar jami'i ɗaya da za a riƙa nema, ku sa ranar sake zama kafin ku tashi.

In za ku kafa masu sa ido, aikinsu gani ne da kira, babu makami, babu bin mutum, babu duka. Wannan ba wasa ba ne wallahi, a 2012 a garin Sanford na jihar Florida wani mai sa idon unguwa ya bi wani yaro ɗan shekara 17, Trayvon Martin, da ba ya ɗauke da makami, ƙarshe ya harbe shi har lahira. Baƙon fuska ba laifi ba ne, abin da mutum yake yi za a duba, yana taɓa ƙofofi, yana leƙa motoci. A gurup ɗin ma a hana tura hoton wani da sunan ɓarawo, hoto ɗaya na iya jawo taron da zai kashe marar laifi, bidiyon kyamara kuma 'yan sanda ake miƙa wa.

Bayan wata uku ku sake sabuwar taswira ku ajiye ta kusa da tsohuwar. In ɗigon sun ragu ku ci gaba, in sun koma layin baya ku bi su can da fitila da ido, in kuma ba abin da ya motsa to ku koma kwanar a wani lokacin daban ku sake dubawa, sannan ku tafi da takardun biyu zaman da kuka sa da caji ofis.