Darasi na 6: Kare kai daga HIV a gidan yari

To 'yan'uwa, yau maganarmu kan ƙwayar cutar HIV ce, wadda in an bar ta ba magani take zama ƙanjamau. Bari mu fara cire tsoron banza. Ba a ɗaukarta ta musabaha ko cin abinci tare ko kwana a shimfiɗa ɗaya, sauro da kuɗin-cizo ma ba sa yaɗa ta. Hanyarta jini ne da maniyyi da ruwan gaban mace da nonon uwa.

Yanzu duba ɗakin da kake ciki. Rezar nan guda ɗaya, mutum nawa ta yi wa aski a makon nan? A kurkuku komai ƙaranci yake, shi ya sa ake aron reza da burushin haƙori da allurar zanen jiki, su kuma masu allurar ƙwaya sirinji ɗaya ne ke zagaya su, kuma ɗan jinin da ya maƙale a ciki ido ba ya ganinsa, ɗauraye shi da ruwa ba ya wadatarwa. Ciwon hanta nau'in B da C ma ta nan yake bi, ya ma fi HIV saurin kama mutum. Abin da duk zai huda fata ko ya yanke ta, naka naka ne kai kaɗai, ko da za a ce ka cika rowa.

Sai maganar da ba a son yi. Ana jima'i a gidan yari, wani da yarda, wani dole aka yi masa, wani kuma don abinci ko kariya. Rufe ido ba ya hana cuta. Kwaroron roba na karewa inda ake samunsa. Wanda aka yi wa fyaɗe ko allurar wani ta soke shi, kar kunya ta zaunar da shi, ya nemi ma'aikacin lafiya ya ce yana son PEP. Magani ne na hana kamuwa da HIV da ake fara sha kafin awa 72 ta cika da faruwar abin, a sha kullum har kwana 28. In an wuce lokacin, an makara.

Gwaji fa ba a yinsa da ido. Wani gwajin ba ya nuna sabon kamu sai an kai wata 3, don haka a maimaita.

Mai ɗauke da cutar ya riƙe maganin ARV, wato mai danne ƙwayar cutar, kullum, ko an canza masa gidan yari ko an sallame shi, ya karɓi takardar asibitinsa ya tafi da ita. Tari ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, a duba tarin fuka. Kuma ba alfarma kake roƙo ba, Ƙa'idojin Nelson Mandela da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a 2015 sun ce fursuna ya samu kulawar lafiya irin ta mutanen waje, kyauta.

Aikin aji: rubuta abu uku da ba za ka ƙara ara ba, sannan ka karanta wa na kusa da kai.