Littattafan koyon gina kompaila: da wanne za ka fara?

Da an ce kompaila, wato manhajar da ke juya abin da ka rubuta zuwa harshen inji, sai ɗalibai da dama a Jami'ar Bayero su nufi littafin nan mai hoton dodo a bango, Compilers: Principles, Techniques, and Tools na Aho da Sethi da Ullman, wanda ya fito a 1986, aka sabunta shi a 2006 tare da Monica Lam. Littafin malamai ne, amma ba da shi ake farawa ba. Ka'idojin nahawunsa za su cinye maka zango guda ba ka gina komai ba.

Fara da Crafting Interpreters na Robert Nystrom. Kyauta ake karanta shi a intanet, ka sauke shafukan lokacin da kake da data, don wutar Kano ba ta da alƙawari. Ƙaramin harshe ɗaya, Lox, za ka gina sau biyu: da Java, sannan da C. Buga kowane layi da hannunka, kada ka kwafa.

A sashen tantance nahawu, wato inda manhajar ke gane tsarin abin da aka rubuta mata, aka fi tuntuɓe. Ba manhajarka 2+3*4. Idan ta ce 20 maimakon 14, ba ka fifita ninkawa a kan tarawa ba. Sai 10-3-2: amsar 5 ce, idan 9 ta fito to daga dama take haɗa lissafin. In kuwa ta maƙale har ta faɗi, duba ko wata ƙa'idar nahawu tana kiran kanta tun kafin ta karanta alama ko ɗaya daga abin da aka ba ta, kamar lamba ko +. Mayar da ita madauki (loop), wato umarnin da ke maimaita aiki.

Lox ba ya fitar da harshen inji na gaske. Don wannan sai Writing a C Compiler na Nora Sandler, na 2024, wanda ke kai ka har asambuli, wato harshen da ya fi kusa da na inji, na furosesa nau'in x64. Kana buƙatar Linux ko macOS. Mai Windows ya sanya WSL, wanda ke ba da damar gudanar da Linux a cikin Windows.

Daga nan Engineering a Compiler na Cooper da Torczon zai nuna maka rabon rajista, wato ƙananan ma'ajiyoyin bayanai da ke cikin furosesa, da yadda ake ƙara wa manhaja sauri. Na dodon kuwa, ajiye shi kusa, ka riƙa buɗe babin da matsala ta tura ka.